HATSHEFSUT: MACEN DA TA CI SARAUTAR FIR'AUNA

 

A wannan fitowa na ga ya kyautu in ɗan kauce daga tarihin mazajen ƙasarmu da aka saba kawowa a wannan fili, in tsallaka da mu ƙasar Masar, in kawo labarin wata mace da ta rasu yau kusan shekara 3,500. Da yawa daga cikinmu abin da muka riƙe game da Masar ta dā bai wuce kogin Nilu da dalar Giza ba, sai kuwa Fir'auna da muka sani tun a makarantar allo. To ita wannan mata, Hatshefsut, sarautar Fir'auna ta ci cikakkiya, ba matar sarki kawai ba. Bayan rasuwarta aka bi sunanta ana kankarewa daga jikin bango, aka farfasa gumakan da aka sassaƙa da siffarta, aka tsallake ta a jerin sarakuna, har ta kusa ɓacewa daga tarihi baki ɗaya. Abin da aka sani game da ita a yau daga rubutun jikin duwatsu aka karanto shi, da kuma abin da masu tonon kufai suka haƙo daga ƙasa.

Kafin in ci gaba bari in share wani ruɗani. Kalmar Fir'auna laƙabi ce, ba sunan mutum ɗaya ba. A harshen Misirawan dā babban gida take nufi, watau fada, daga baya aka riƙa kiran mai fadar da ita, kamar dai yadda mu ma mukan ce fada ta hana, alhali sarki muke nufi. Sarakuna masu yawa sun ci wannan laƙabi, saboda haka kada wani ya ɗauka Fir'aunan Annabi Musa (AS) ake magana.

ASALINTA

An haifi Hatshefsut wajen shekara ta 1507 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a gidan sarautar da masana ke kira gida na 18, wanda cibiyarsa ke birnin Tibis, inda garin Luksor yake a yau. Ma'anar sunanta shugabar mata masu daraja. Mahaifinta Tutmos na Ɗaya mayaƙi ne na gaske, wanda ya kai yaƙi arewa har bakin kogin Furatu, ya kuma nutsa kudu cikin Nubiya, watau arewacin Sudan ta yanzu. Mahaifiyarta Ahmos ita ce uwargidan sarki.

Gidan da ta tashi a ciki ya saba da manyan mata. Ba da daɗewa ba kafin haihuwarta mutanen Tibis suka gama korar Hiksos, waɗansu baƙi daga wajen Sham da suka mallaki arewacin Masar kimanin shekara 100. A cikin wannan gwagwarmaya, da maza suka ƙare a fagen fama, wata gimbiya mai suna Ahhotef ce ta riƙe ƙasa har ɗanta ya girma, kuma an samu allon dutse a Karnak inda ɗan nata ke yabonta da kula da sojoji da haɗa kan jama'a. Wata kuma, Ahmos-Nefertari, ita aka ba muƙamin da ake kira Matar Amun, shi Amun kuwa shi ne babban abin bautarsu a Tibis. Muƙamin ba na suna ba ne kawai, tafe yake da gonaki da rumbuna da ma'aikata. Shi ne ya zo hannun Hatshefsut tun da ƙuruciya, don haka tun kafin ta san gadon mulki tana da dukiyarta da barorinta na kanta.

Manyan 'ya'yan sarki maza biyu sun riga shi rasuwa, sai gado ya faɗa kan Tutmos na Biyu, ɗan wata matar dabam, aka kuma aura masa Hatshefsut, 'yar ubansa. Wannan aure da yake haram kuma abin ƙyama a wurinmu, a gidan sarauta aka san shi, don kada jinin mulki ya fita waje. Talakawan wancan zamani ba su cika yin sa ba. Sun haifi 'ya ɗaya mace, Neferure.

A wannan lokaci babu abin da ya bambanta ta da sauran matan sarakuna, kuma akwai shaida mai kyau a kan haka. A shekara ta 1916 Bature mai tonon kufai Howard Carter ya ji labarin ɓarayi sun gano wani kabari a jikin wani tsauni da ke yamma da Luksor. Cikin dare ya hau tsaunin, ya sauka da igiya, ya tarar da su a ciki suna tono. Da aka share wurin sai aka samu akwatin gawa na dutse, ba kowa a cikinsa, ɗauke da sunan Hatshefsut da laƙabobinta na 'yar sarki da matar sarki. Ke nan ita kanta a lokacin ba ta tsammanin za ta mutu tana wani abu da ya wuce uwargidan fada.

DAGA RIƘON ƘWARYA ZUWA GADO

Tutmos na Biyu bai yi tsawon rai ba, ya rasu wajen shekara ta 1479. Ɗansa namiji da ya bari, Tutmos na Uku, ƙaramin yaro ne da bai isa komai ba, kuma mahaifiyarsa Iset ba ta cikin manyan matan fada. Aka naɗa yaron, Hatshefsut ta zama mai riƙon ƙwarya. Wani tsohon ma'aikacin gine-gine mai suna Ineni, wanda ya yi aiki da sarakuna da dama, ya sa an rubuta a kabarinsa cewa yaron ne a kan gado, amma ita ke tafiyar da al'amuran ƙasa, kuma kowa umarninta yake bi. Har nan ba sabon abu, an yi haka a gidan a baya.

Sabon abu shi ne wanda ya faru kafin shekara ta 7 ta ƙare. Yadda aka gane wannan lokaci ma abin sha'awa ne, domin ba daga wani babban rubutun fada aka samo shi ba, daga tuluna ne. A tsakanin 1935 da 1936 masu tono na gidan tarihin Metropolitan da ke Amurka suka buɗe kabarin waɗansu tsofaffi biyu, mata da miji, Hatnefer da Ramos, wanda ɓarayi ba su taɓa ba. A cikin kayan da aka binne su da su akwai tuluna masu kwanan wata na shekara ta 7. Hatimin bakin wani tulun yana kiranta Matar Amun, na waɗansu kuwa yana ɗauke da sabon suna, Ma'atkare, irin sunan da sarki kaɗai ke ɗauka ranar naɗi.

Ba ita ce mace ta farko da ta yi haka ba. Kimanin shekara 300 kafin ita an yi Sobekneferu, wadda ta yi mulki kusan shekara 4. To amma ita waccan ta hau ne da maza suka ƙare a gidan. Hatshefsut kuwa ta hau alhali akwai sarki namiji a raye, kuma abin lura, ba ta tuɓe shi ba, ba ta kore shi ba, ba ta kashe shi ba, ko da yake yana hannunta tun yana ɗan mitsitsi. Lissafin shekarun mulki ma da nasa aka ci gaba da yi. A jikin gine-gine ana zana su tare, sarki biyu a ƙasa ɗaya, ita a gaba shi a baya. A nawa ganin, wanda ya san yadda yara ke mutuwa a wancan zamani, ya kuma san cewa gidan bai daɗe da kafuwa ba, ba zai yi mamaki ba idan manyan fada da kansu suka ga gara a samu babba mai cikakken iko a kan gado. Ita dai hujjar da ta bayar ta addini ce. Ta sa an zana a bangon ɗakin bautarta cewa Amun ne ya zo wa mahaifiyarta a siffar mijinta aka samu cikinta, kuma mahaifinta ya gabatar da ita ga fadawa a matsayin magajiyarsa tun yana raye. Wannan tatsuniya ce irin ta maguzancinsu, sarakuna maza ma sun yi amfani da irinta, amma tana nuna irin ƙoƙarin da sai da ta yi kafin a yarda da ita.

Wahalar ita ce, a tunanin Misirawa sarauta namiji ce. Matar Masar tana da 'yanci fiye da matan ƙasashe da yawa na zamanin: tana mallakar gona, tana cin gado, tana kai ƙara, tana bayar da shaida. Akwai ma takardar wasiyyar wata tsohuwa mai suna Naunakte, wadda ta zo bayan Hatshefsut da shekara 300 da wani abu, inda ta hana waɗansu 'ya'yanta gadon dukiyarta don ba su kula da ita ba da ta tsufa. Duk da haka kayan sarauta, da kirarinta, da ayyukan ibadar da sarki ke yi, duk an yanka su ne daidai jikin namiji. Idan aka jera gumakan Hatshefsut bisa tsarin shekaru, sai a ga yadda masassaƙa suka yi ta fama da wannan matsala. A na farko mace ce sosai, da doguwar rigar mata, sai dai ɗankwalin sarauta a kanta. A na tsakiya jikin siriri ne, tsakanin mace da namiji, da ɗan bante irin na sarakuna. A na ƙarshe kuwa ƙato ne mai faɗin ƙirji da gemun aro a haɓa. Kada a ce yaudara ce, domin gemun nan sarakuna maza ma na aro suke ɗaurawa, alama ce kamar sandar girma. Kuma rubutun da ke jikin gumakan bai ɓoye komai ba: yana kiranta 'yar Ra, ba ɗan Ra ba, yana sa wa kalmomi alamar mace, wani lokaci a jimla ɗaya a ce shi a kuma ce ita. Akwai kirarin bijimi mai ƙarfi da sarakunan gidan suka saba sa wa a sunayensu. Ita ta bar shi.

MUTANENTA DA AYYUKANTA

Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san shugaba ba ya wuce ma'aikatansa, kuma ana gane shi ne daga waɗanda ya ɗauko. Hatshefsut ta riƙe tsofaffin mahaifinta irin su Ineni, ta jawo Hafuseneb, shugaban ɗakin bautar Amun, ta kuma ɗaga sababbin mutane waɗanda ba su da kowa sai ita. Mafi shahara a cikinsu shi ne Senenmut, ɗan tsofaffin nan biyu masu tuluna, mutumin garin Armant, wanda mahaifinsa ba shi da wani muƙamin kirki. Ya fara da renon gimbiya Neferure, ya zama mai kula da dukiyar Amun da gine-ginen sarki, har laƙabobinsa suka kai gommai. An samu gumakansa fiye da 20, da yawa yana rungume da yarinyar a cikin mayafinsa, kanta kawai ya leƙo. A rufin kabarinsa, wanda aka gano a 1927, akwai taswirar taurari mafi tsufa da aka sani a Masar. Marubuta da yawa sun ce farkanta ne. Babu wani rubutu na zamanin da ya faɗi haka. Abin da ke akwai shi ne namiji ya samu ɗaukaka a hannun mace, mutane kuma, jiya da yau, fassara ɗaya suka iya yi wa irin wannan.

Aikin da ta fi alfahari da shi shi ne fataucin Funt, a shekara ta 9. Funt ƙasa ce a kudancin gaɓar Bahar Maliya. Binciken da aka yi a 2020 a kan busassun gawawwakin birai da aka kawo Masar daga can ya nuna yankin Eritiriya da Habasha da maƙwabtansu. Daga nan turaren wuta ke fitowa, irin su lubban da mur, waɗanda ɗakunan bauta ba sa rabuwa da su, kuma an daɗe ana sayensu ta hannun dillalai da tsada. Sai ta tura jiragen ruwa 5 ƙarƙashin wani babban ma'aikaci mai suna Nehsi, su je tushe. Zanen wannan tafiya yana nan a bango har yau, kuma duk wanda ya ga hotonsa zai san masu zanen sun kalli abin da idonsu. Ga bukkoki a kan dirkoki ana hawa da tsani, ga kifayen teku kowane da kamanninsa, ga sarkin Funt, Farahu, da matarsa Ati, mace mai ƙiba ƙwarai, da jakin da ke ɗaukarta. Ga 'yan dako suna loda zinariya da hauren giwa da baƙin katako da fatun damisa da birai. Har da itatuwan turare masu rai 31, da saiwarsu da ƙasarsu a cikin kwanduna, don a dasa a Tibis.

Sai gine-gine. A Karnak ta kafa dogayen ginshiƙai masu tsini guda 4, kowane daga dutse ɗaya tak aka sare shi a Aswan, aka ɗauko shi ta kogi tafiyar fiye da kilomita 200. Ɗaya yana tsaye har yanzu, tsawonsa kusan mita 30, nauyinsa ya haura tan 300. Rubutun gindinsa ya ce wata 7 aka yi ana saran biyu daga ciki. An zana yadda aka ɗora biyu a kan wani makeken kwalekwale, jirage 27 na jan sa. Mu da muka san yadda ake shekara biyar ana gina ajujuwa uku, sai mu yi shiru. A tsakiyar Masar kuma, kusa da Bani Hasan, ta sa an rubuta a wani ɗakin bauta da aka fafe cikin dutse cewa ita ta gyara abin da ya rushe tun zamanin Hiksos. Ta kuma ci gaba da tura ma'aikata haƙar shuɗin dutse mai daraja a Sina'i.

Amma babban abin da ta bari shi ne ɗakin bautar da ke Dairul Bahari, a gindin wani tsauni mai tsayi, hawa uku, kowane hawa da jerin ginshiƙai, da gangara a tsakiya mai kai mutum daga wannan zuwa wancan. A bayan tsaunin, a Kwarin Sarakuna, ta sa aka shirya mata sabon kabari mai zurfi, wanda tsawon hanyarsa ya wuce mita 200, aka ajiye akwatunan dutse biyu, ɗaya nata ɗaya na mahaifinta, don su kwanta wuri ɗaya.

Ta rasu a shekara ta 22, wajen 1458. Tutmos na Uku, wanda ya riga ya zama cikakken soja, bai yi wata-wata ba ya fita yaƙi, ya ci nasara a Magiddo, ya kuma yi ta kai hare-hare Sham har sau 17 a rayuwarsa.

YADDA AKA SHAFE TA, DA YADDA AKA GANO TA

Daga baya ma'aikata suka shiga Dairul Bahari da Karnak da kurfi da guduma. Inda duk aka zana ta a matsayin sarki suka kankare, suka sa sunan mahaifinta ko na mijinta a gurbin nata. Gumakanta aka fitar aka zuba a ramuka. Wani kyakkyawan ɗaki na jan dutse da ta gina a Karnak aka wargaza, daga baya wani sarki ya cusa duwatsunsa cikin katanga. Jerin sarakuna da aka rubuta a Abidos bayan shekara 150 da wani abu bai ambace ta ba. Sai dai wani malamin Masar mai suna Maneto, da ya rubuta tarihi fiye da shekara 1,000 bayanta, ya ambaci wata mace a wannan gida da ta yi shekara 21 da wata 9.

A 1822 Bafaranshe Champollion ya warware sirrin rubutun Misirawan dā. Da ya ziyarci Dairul Bahari a 1829 sai ya rikice: ga sarki da gemu a bango, ga kalmomin da ke gefensa duk na mace. Sai da aka ɗauki shekaru kafin a tabbatar mace ce. Daga 1893 Edouard Naville ya share ɗakin bautar, Carter ya shiga kabarinta a 1903, sa'an nan a shekarun 1920 Herbert Winlock ya tono dubban gutsattsarin gumakanta daga ramukan da aka zuba su, aka yi ta haɗa su kamar fasasshiyar ƙwarya.

A nan ne labarin ya koma hannun masana, kuma a nan nake so malamanmu na tarihi su tsaya su duba. Wani Bajamushe, Kurt Sethe, ya ɗauka a 1896 cewa duk sunan da aka rubuta a kan wani, mai sunan ne ya ƙwace mulki da hannunsa. Da wannan ya gina dogon labari na juyin mulki bayan juyin mulki, uba da 'ya'ya suna ta tuɓe juna. Naville ya yi ta musu da shi, amma sai a 1933 William Edgerton ya rushe wannan gini duka. Waɗanda suka biyo baya, irin su Winlock da William Hayes, sai suka kawo nasu: muguwar kishiyar uwa mai haɗama ta danne maraya shekara 20, tana fakewa da wani wayayyen namiji da ke yi mata tunani, yaro yana haɗiye baƙin ciki, ranar da ta mutu ya huce a kan gumakanta. Kowane Bahaushe ya san wannan labari, tun muna yara ake ba mu shi a tatsuniyar Bora da Mowa. Daɗinsa ne ya sa aka karɓe shi ba tare da an tambayi duwatsu ba. Haka kuma aka ce zamaninta ba a yi yaƙi ba, wai don mace ba ta son jini.

Duwatsun kuwa da aka tambaye su sai suka ba da wata amsa. A 1957 wani masani ɗan Masar, Labib Habachi, ya buga wani rubutu da ke tsibirin Sehel kusa da Aswan, inda wani ma'aji ke ba da shaidar cewa ya bi ta yaƙin Nubiya, ya kuma ga nasarar da idonsa. A 1966 Charles Nims ya bi tsarin gine-ginen Karnak, wane bango ya riga wane, ya nuna cewa kankarar sunanta ba ta fara ba sai wajen shekara ta 42 ta mulkin Tutmos na Uku, watau shekara 20 bayan rasuwarta. Peter Dorman ya ƙara tabbatar da haka a 1988. To wane irin mai fushi ne zai jira shekara 20 da mulki a hannunsa kafin ya huce? Kuma wace irin maƙiyiya ce za ta bar abokin gabanta ya girma a cikin sojoji? Bugu da ƙari, inda aka zana ta a matsayin matar sarki ba a taɓa ba. Ba Hatshefsut ake son shafewa ba, sarautarta ake son shafewa. Abin da mafi yawan masana suka karkata a kai yanzu shi ne, sarki ya tsufa, yana shirin miƙa gado ga ɗansa Amenhotef na Biyu, yana so jerin ya tafi santal daga kaka zuwa uba zuwa ɗa, ba tare da wata kafa da wani dangi zai bi ya yi da'awa ba, ba kuma tare da misalin da wata gimbiya za ta kafa hujja da shi ba. Da yaron ya zauna daram sai aikin kankarar ya lafa. A wurina wannan ya fi fushi muni, domin mai fushi yakan huce, amma wannan aiki ne na ofis, an zauna an tsara shi, an ware masa ma'aikata da abinci.

A 2025 ma wani mai bincike a Jami'ar Toronto, Jun Yi Wong, ya koma kan takardun tonon Winlock da ba a buga ba, ya nuna cewa gumaka da yawa an karya su ne a wuya da ƙugu da gwiwa, fuskokinsu lafiya lau, irin karyawar da ake yi wa gumakan sarakuna maza ma idan an gama da su, don a kashe ƙarfin da suka yi imani yana ciki. Sauran ɓarnar kuwa masu neman dutsen gini ne suka yi ta daga baya.

Sau da yawa nakan kwatanta wannan da Amina ta Zazzau. Littafin tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, ganuwar da ake jingina mata da kufan Turunku suna nan. Bambancin shi ne waɗanda suka rubuta labarin Amina sun zo bayanta da ƙarnuka, ita kuwa Hatshefsut rubutun zamaninta ne ya tsira, har da wanda maƙetaci ya so ɓatawa. Katangar da aka kewaye gindin ginshiƙinta da ita a Karnak ita ce ta kare rubutun daga rana da iska. Duwatsun jan ɗakin nan da aka cusa cikin katanga an zaro su ɗaya bayan ɗaya, aka sake tayar da ɗakin a ƙarshen shekarun 1990. Masana daga Folan kuma suna aikin gyaran Dairul Bahari tun 1961.

GAWARTA

Da Carter ya shiga kabarinta bai samu gawa ba. Amma a wannan shekara ta 1903 ya buɗe wani ɗan ƙaramin kabari a kusa, ya ga gawawwakin mata biyu, ɗaya a cikin akwati mai sunan Sitre-In, matar da ta shayar da Hatshefsut, ɗayar kuwa a ƙasa, ba akwati ba suna. Bai ba su muhimmanci ba ya rufe. Ta ƙasan nan ta ci gaba da kwanciya a wurin har 1989 da aka sake buɗe kabarin. A 2007 Zahi Hawass, shugaban hukumar kayan tarihin Masar a lokacin, ya sa aka ɗauki hoton cikin gawar da na'ura, aka kuma ɗauki na wani ɗan akwatin katako mai sunan Hatshefsut da aka samu tun 1881. A cikin akwatin aka ga haƙori ɗaya, a bakin gawar kuma aka ga gurbi. Hawass ya ba da sanarwar cewa haƙorin ya dace da gurbin, don haka ita ce. Gawar ta mace ce mai jiki, wadda ta kai shekara 50 ko fiye, mai ciwon haƙora, da alamun ciwon daji a ƙashinta. Waɗansu masana ba su gamsu ba, suna cewa haƙori ɗaya bai isa hujja ba, har ma suna jayayya a kan ko na sama ne ko na ƙasa. Duk da haka da sunan Hatshefsut aka ɗauki wannan gawa a watan Afrilu na 2021, cikin jerin gwanon gawawwakin sarakuna da matan sarakuna 22 da aka ratsa titunan Alƙahira da su, da sojoji da kaɗe-kaɗe, zuwa sabon gidan tarihi da ke Fusɗaɗ.

A watan Fabrairu na 2025 kuma hukumomin Masar suka ba da sanarwar gano kabarin mijinta, Tutmos na Biyu, a wani kwari da ke yamma da Kwarin Sarakuna, ba nisa da kabarin nan nata na jikin tsauni da ba ta shiga ba. Ruwan ambaliya ya lalata shi tun zamanin dā, an kuma kwashe kayan ciki. Abin da ya nuna mai kabarin shi ne waɗansu gutsattsarin tulunan farin dutse, ɗauke da sunan mamacin, da kuma sunan uwargidansa Hatshefsut, wanda masu kurfi da guduma ba su kai gare shi ba.